ƘURI'AR DA GWAMNA ZAI IYA SOKEWA BA ƘURI'A BA CE

Ya ku jama'a, 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, satar zaɓe iri biyu ce. Akwai wadda kowa ya sani, watau a hana mutum jefa ƙuri'a, ko a gudu da akwati, ko a yi ƙari wajen ƙidaya. Ɓarawon wannan ba shi da wayo, domin da rana tsaka yake yinta, mutane suna gani suna yi masa ihu. Ta biyun ita ce mai mugun dafi. A bar ka ka shiga layi tun da asuba, a bar ka ka jefa, a ƙidaya daidai, a yi shela cewa mutuminka ya ci, har ku yi kiɗa ku yi rawa. Sa'an nan bayan ƙura ta lafa, wani babba ya zauna a ofis ya ɗauki alƙalami, ko dai ya tuɓe wanda ka zaɓa, ko kuwa ya bar shi bisa kujera amma ya kwashe ikon da ke cikin kujerar. Wannan sata ta biyu ita za mu tona yau. Kuma ba a wani lungu ake yinta ba, a ƙasar Amurka ne, ƙasar da ke aika wa duniya masu duba zaɓe.

WANE NE MAI GABATAR DA ƘARA?

Sai mu fara da bayyana kujerar da ake wannan rigima a kanta. A nan wurinmu Gwamna ne yake naɗa Babban Lauyan Jiha, talaka ba a tambayarsa. A yawancin jihohin Amurka ba haka ba ne. Kowace gunduma tana da lauyan gwamnati nata mai gabatar da ƙara, kuma mutanen gundumar ne suke zaɓensa da ƙuri'a, galibi shekara huɗu huɗu. Ofisoshin nan sun fi 2,300 a ƙasar.

Kada ku raina wannan kujera. Ɗan sanda kama mutum kaɗai ya iya. Mai gabatar da ƙara shi ne zai ce a kai shi kotu ko a sake shi. Shi ne zai zaɓi laifin da za a rubuta, ko na wata shida ko na shekara goma. Shi ne zai roƙi a ba da beli ko a hana, shi ne kuma zai ce a nemi hukuncin kisa ko kada a nema. Bayan wannan, fiye da 90 cikin 100 na mutanen da ake samu da laifi a Amurka ba a yi musu shari'a da shaidu. Ciniki ake yi, a ce da mutum ya amsa ƙaramin laifi a yafe masa babba, Joji ya sa hannu. Wa ke yanke farashi a wannan ciniki? Mai gabatar da ƙara. Saboda haka ga yaron da aka kama da ƙullin wiwi, ko matar da aka kama tana tuƙi bayan an janye lasinta don ta kasa biyan tara, wannan lauya ya fi Joji iko, ya fi Gwamna kusa.

Jihar Misisifi ce ta fara zaɓen wannan ma'aikaci, a shekarar 1832, sauran jihohi suka bi. Dalilinsu kuwa shi ne sun gaji da ganin manya suna raba kujerar ga 'yan korensu. Ku riƙe sunan Misisifi, za mu komo kanta.

Shekara da shekaru ana wannan zaɓe, ba wanda ya ce yana da aibi, domin masu ci duk 'yan gida ɗaya ne, yawancinsu farar fata, sau da yawa ma ba mai karawa da su, kuma duk alkawarinsu ɗaya, watau a ƙara cika kurkuku. Daga wajen 2015 sai iska ta juya. Mutanen manyan birane, inda baƙar fata da matalauta suka fi yawa, suka fara zaɓen lauyoyin da suka yi alkawarin rage ɗaurin mutane a kan ƙananan laifuffuka, da tuhumar ɗan sandan da ya kashe mutum ba bisa haƙƙi ba. Biranen nan yawanci jam'iyyar Dimokurat suke bi, alhali majalisun yawancin jihohin da za mu ambata suna hannun jam'iyyar Rifablikan. To, tun daga ranar da talakan birni ya fara zaɓen wanda yake so, sai manyan jiha suka farga wai zaɓen nan yana da lahani. Ruwa dai ba ya tsami banza.

ALƘALAMIN GWAMNAN FILORIDA

A 2016 mutanen Orlando suka zaɓi Aramis Ayala, baƙar fata ta farko da ta hau wannan kujera a jihar Filorida. A watan Maris 2017 ta ce ba za ta riƙa neman hukuncin kisa ba. Nan da nan Gwamna Rick Scott ya kwashe shari'o'in kisan kai fiye da 20 daga hannunta, ya miƙa wa lauyan wani yanki dabam wanda mutumin Orlando bai taɓa jefa wa ƙuri'a ba. Ta kai ƙara, Kotun Ƙolin jihar ta ba Gwamna gaskiya, alƙalai 5 da 2. Bango ya tsage ke nan, ƙadangare ya sami wurin shiga.

Wanda ya gaje shi, Gwamna Ron DeSantis, bai tsaya kwasar shari'o'i ba, mutumin ɗungurungum ya ɗauke. Ran 4 ga Agusta 2022 ya dakatar da Andrew Warren na birnin Tampa, wanda jama'a suka zaɓa a 2016 suka sāke zaɓa a 2020. Ɗan sanda mai bindiga ne ya rako shi waje daga ofishinsa. Babban laifin da aka ɗora masa shi ne ya sa hannu a wata takarda tare da waɗansu lauyoyi cewa ba za su tuhumi mutane a kan zubar da ciki ba. Na san da yawa daga cikinku za su ce ai wannan takarda ba abin yabo ba ce. To, ba yabonta ya kawo mu ba. Tambayar ita ce, in ya yi kuskure, wa ke da ikon korarsa, mutanen da suka ɗauke shi aiki, ko kuwa mutum ɗaya da ke neman suna? Ku sani kuma, har ranar da aka dakatar da shi ba a taɓa kawo shari'ar zubar da ciki ko guda ɗaya gabansa ba, balle a ce ya ƙi yi.

Warren ya kai ƙara kotun tarayya. A Janairu 2023 Joji Robert Hinkle, bayan ya saurari shaidu, ya ce zargin da aka yi cewa Warren ya kafa dokar ƙin tuhumar laifuffuka a dunƙule ba gaskiya ba ne, ya ce Gwamna ya taka tsarin mulkin jihar, ya kuma taka 'yancin faɗin albarkacin baki. Kuna tsammani sai a mayar da shi? Ina! Jojin ya ce kotun tarayya ba ta da ikon tilasta wa jiha bin dokar jiha. Warren ya nufi Kotun Ƙolin jihar, a Yuni 2023 ta ce ya makara, ya daɗe bai zo ba. A Janairu 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta karkata wajensa, ta ce a sāke duba maganar. Ana cikin jeka-ka-dawo wa'adin kujerar ya ƙare, a Janairu 2025 kotun ta rufe shari'ar, ta ce ba sauran abin da za a mayar masa. Kun ji shari'ar da aka ce da mai kaya lalle kayansa ne, amma aka bar su a hannun wanda ya ɗauka har suka ruɓe.

Ran 9 ga Agusta 2023 Gwamnan nan ya maimaita. Wannan karo Monique Worrell ta Orlando ce, baƙar fata, wadda ta ci zaɓen 2020 da wajen ƙuri'a 2 cikin kowace 3. Ya ce wai tana sassauci ga masu laifi, ya naɗa nasa a madadinta. A Yuni 2024 Kotun Ƙolin jihar ta goyi bayansa, alƙalai 6 da 1. Cikin alƙalai bakwai ɗin nan, 5 shi ya naɗa su da hannunsa. Tsarin mulkin Filorida ya ce Majalisar Dattijan jihar ce za ta yanke ko a tuɓe wanda aka dakatar ko a mayar da shi, Majalisar kuwa jam'iyyar Gwamna ce ke riƙe da ita. Watau kura ce ta kama akuya, aka ce a kai ƙara wurin 'ya'yan kura.

INDA IGIYA BIYU SUKA HAƊU

Wani zai ce, to mene ne haɗin wannan da 'yancin jefa ƙuri'a? Ku saurara, a Filorida ɗin nan dai za ku gani.

A Nuwamba 2018 mutanen jihar, wajen 65 cikin 100, suka yarda a gyara tsarin mulki domin a mayar wa waɗanda suka gama zaman kurkuku 'yancinsu na zaɓe, ban da masu laifin kisan kai da na fyaɗe da makamantansa. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 1.4 abin zai shafa. Ba a yi shekara ba, a 2019, majalisar jihar ta yi doka cewa sai mutum ya biya dukan tara da kuɗin kotu da ake binsa tukuna. Joji Hinkle ɗin nan ya ce wannan sayar da ƙuri'a ne ga mai kuɗi, kuma ya nuna jihar kanta ba ta iya gaya wa mutum nawa ake binsa. A Satumba 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncinsa, alƙalai 6 da 4. Jama'a suka buɗe ƙofa, majalisa ta kafa mai karɓar kuɗin shiga.

A 2022 Gwamna ya kafa ofishi na musamman na farautar masu laifin zaɓe. Ran 18 ga Agusta, mako biyu cif bayan korar Warren, ya tara 'yan jarida ya ce ana kama mutum 20 da suka jefa ƙuri'a a 2020 alhali ba su cancanta ba. Gaskiya ne tsofaffin laifuffukansu suna cikin waɗanda gyaran bai yafe ba. Amma fa da yawansu gwamnati ce da kanta ta karɓi takardunsu ta aika musu da katin zaɓe. Yawancinsu baƙar fata ne. An ga hotunan kamun waɗansu a Tampa, mutum yana tambaya me ya yi, ɗan sandan da ya zo kamun shi kansa yana kame-kame. Hukuncin laifin kuwa yana kaiwa ɗaurin shekara 5.

Wa aka ba wannan shari'a? Ba zaɓaɓɓun lauyoyin gunduma ba. An ba wani mai gabatar da ƙara na jiha baki ɗaya, wanda naɗa shi ake yi. Sai lauyoyin waɗanda aka kama suka ce ai doka ta ba wannan mutum iko ne kawai a kan laifin da ya ratsa yankin shari'a biyu ko fiye, mai jefa ƙuri'a kuwa a unguwarsu ya jefa. Alƙalai a Mayami da waɗansu wurare suka yarda, suka kori waɗansu ƙararrakin. Me majalisa ta yi? A Fabrairu 2023 ta yi zama na musamman ta faɗaɗa ikon naɗaɗɗen lauyan a kan laifuffukan zaɓe. Daga baya kuma kotunan ɗaukaka ƙara suka farfaɗo da waɗansu shari'o'in.

Kun ga inda igiya biyu suka haɗu. Wanda ya riƙe ikon tuhuma, ya riƙe ikon tsoratar da mai zaɓe. Ba sai an ɗaure mutum dubu ba. A kama 20 a nuna su a talabijin, dubbai masu cikakken haƙƙi za su ce, ni da in sha ɗauri gara in zauna a gida.

A jihar Teksas ma an ja wannan igiya. A Disamba 2021 babbar kotun laifuffuka ta jihar ta yanke, alƙalai 8 da 1, cewa Babban Lauyan Jiha ba shi da ikon tsallake lauyoyin gunduma ya tuhumi mutane a kan laifin zaɓe shi kaɗai. Alƙalan nan duk 'yan jam'iyyarsa ne. Babban Lauyan, Ken Paxton, bai haƙura ba, ya bi 3 daga cikinsu da yaƙi a zaɓen fid da gwani na Maris 2024, duka ukun suka faɗi. A 2023 kuma majalisar Teksas ta yi doka cewa duk mai gabatar da ƙarar da ya kafa manufar ƙin tuhumar wani nau'in laifi, ana iya kai shi kotu a tuɓe shi.

KOTUN DA BA WANDA YA ZAƁA

Yanzu mu koma Misisifi, uwar wannan zaɓe. Babban birninta Jakson, fiye da 80 cikin 100 na mutanensa baƙar fata ne. A Afrilu 2023 Gwamna Tate Reeves ya sa hannu a wata doka da ake kira lamba 1020. Dokar ta shata wani yanki na birnin, inda ofisoshin gwamnati da unguwannin masu hali suke, ta kafa masa kotu tasa dabam. Alƙalinta Babban Jojin jiha ne zai naɗa, masu gabatar da ƙararta Babbar Lauyar Jiha ce za ta naɗa, su biyun kuwa farar fata ne. Wanda kotun ta ɗaure a kan ƙaramin laifi ana iya kai shi babban kurkukun jiha. Dokar ta kuma ce a naɗa alƙalai 4 su zauna kusa da zaɓaɓɓun alƙalan gundumar. Wata doka 'yar'uwarta ta faɗaɗa ikon 'yan sandan jiha a birnin, waɗanda ba sa ƙarƙashin magajin garin da mutane suka zaɓa.

Waɗansu mata 3 mazauna birnin suka kai ƙara kotun jiha, ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata ta kai tata kotun tarayya. A Satumba 2023 Kotun Ƙolin Misisifi ta soke naɗin alƙalai huɗun, ta ce tsarin mulkin jihar ya ce irin waɗannan alƙalai zaɓensu ake yi. Wannan nasara ce, kuma matan nan sun cancanci jinjina. Amma kotun ta bar sabuwar kotun nan da ranta, kotunan tarayya ma suka ƙi tsayar da ita, ta fara aiki a 2025. Jihar da ta ce a 1832 farar fata sun isa su zaɓi mai tuhumarsu, ita ce ta ce a 2023 baƙar fata ba su isa ba.

A jihar Jojiya an gwada dabara biyu. Ta farko, dokar 2018 wadda ta ce in kujera ta faɗi babu kowa, Gwamna kuma ya yi naɗi a cikin wata 6 kafin zaɓe, to zaɓen shekarar ya sha ruwa, naɗaɗɗe zai ƙara shekara biyu. A 2020 kujerar yankin Athens ta faɗi, Gwamna Brian Kemp ya yi ta jan ƙafa. Wata lauya, Deborah Gonzalez, wadda ta riga ta fito takara, ta kai ƙara tare da waɗansu masu zaɓe. A Oktoba 2020 Kotun Ƙolin jihar gaba ɗayanta ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki. Aka yi zaɓe, ta ci. Dabara ta biyu ta zo a Mayu 2023, aka kafa hukuma mai mutum 8, duk manyan jiha ne ke naɗa su, aka ba ta ikon ladabtar da zaɓaɓɓun masu gabatar da ƙara har da tuɓe su. Lauyoyin gunduma 4 suka kai ƙara, Sherry Boston ce a gaba, kuma ɗayansu ɗan Rifablikan ne, don kada wani ya ce rigimar jam'iyya ce kawai. Kotu ta ƙi tsayar da hukumar. A Nuwamba 2023 Kotun Ƙoli ta ƙi sa hannu a ƙa'idodin aikin hukumar, abin ya tsaya cik. Sai majalisa ta ce ai wannan mai sauƙi ne, a Maris 2024 ta share layin da ya ce sai kotu ta sa hannu.

TSOHUWAR DABARA CE

Kada ku ɗauka waɗannan mutane sun ƙago wani sabon abu ne. Gadon kakanninsu suke ci. Kafin 1965, baƙar fatan Misisifi da ke cikin rajistar zaɓe ba su kai 7 cikin 100 ba, an tare su da harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu da bulala da bindiga. Bayan dukan da aka yi wa masu zanga-zanga a gadar Selma, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a Dokar 'Yancin Zaɓe ran 6 ga Agusta 1965. Zuwa 1967 sun kusa 60 cikin 100. Me majalisar Misisifi ta yi da ta ga ƙuri'a ta shiga hannun jikokin bayi? A 1966 ta ce a gundumomi 11 shugaban ilmi ba za a ƙara zaɓensa ba, naɗa shi za a riƙa yi. A 1969 Kotun Ƙolin Amurka ta ce a'a, mayar da kujerar zaɓe ta koma ta naɗi taɓa ƙuri'a ne, kuma jihohin da suka yi ƙaurin suna ba su da ikon yin haka sai sun nemi izni daga Washinton.

Da aka toshe wannan rami sai suka haƙa wani. A gundumar Etowah ta jihar Alabama, kowane wakili shi ke riƙe da kuɗin gyaran hanyoyin yankinsa. A 1986 aka zaɓi baƙar fata, Lawrence Presley. A 1987 tsofaffin wakilai suka ce daga yau kuɗin hanya asusu ɗaya ne, rinjaye ne zai raba, rinjayen kuwa su ne. Presley ya kai ƙara, a 1992 Kotun Ƙoli ta ce, alƙalai 6 da 3, wannan ba maganar zaɓe ba ce, rabon aiki ne na cikin gida. Ku 'yan kasuwa ku yi mana hukunci. Mutum ya zo kara ya sayi akuya, ya biya kuɗi lakadan, dillali ya miƙa masa igiya ya kora akuyar gida. In ya yi magana a ce ai ga igiya a hannunka. Wannan ciniki ne?

Sa'an nan a Yuni 2013 Kotun Ƙolin ta karya ƙashin bayan dokar 1965, alƙalai 5 da 4, a shari'ar gundumar Shelby. Tun daga ranar Misisifi da Jojiya da Teksas ba sa neman iznin kowa kafin su taɓa dokokin zaɓe. Da, mai son sauyi shi zai kawo hujja tun kafin ya yi. Yanzu sai ya yi abinsa, talaka ya nemo lauya ya bi shi kotu shekara da shekaru.

HUJJOJINSU DA AMSARSU

Ba za mu ɓoye abin da suke cewa ba, domin mai gaskiya ba ya tsoron hujjar abokin gāba.

Suna cewa doka ta jiha duka ce, lauyan gunduma ba shi da ikon zaɓen wadda zai bi. Amsa ita ce, babu mai gabatar da ƙara a duniya da yake tuhumar kowane laifi. Ma'aikata ba su isa ba, kotu ba ta isa ba, kurkuku bai isa ba. Kowa zaɓe yake yi, ya sa ƙarfinsa nan ya sassauta can. Bambancin kawai, na da suna yi a ɓoye, suna sassauta wa ɗan wane, waɗannan kuwa sun faɗa a fili tun kafin zaɓe, jama'a suka ji suka yarda. A 2023 shugabannin 'yan sandan gundumomi da yawa a jihar Ilinoi suka ce ba za su aiwatar da sabuwar dokar hana manyan bindigogi ba. Masu kukan bin doka ba mu ji sun yi kuka ranar ba, tafi ma waɗansunsu suka yi.

Suna cewa laifi ya yi yawa a birane. Wannan gaskiya ne a wurare da dama. A 2021 an kashe mutum fiye da 150 a Jakson, kuma 'ya'yan talakawa ne ake binnewa. Amma wa ya fi uwar da ta binne ɗanta sanin zafin abin? In ana son taimakon Jakson, a ƙara mata kuɗi, a ƙara kujerun alƙalai na zaɓe, mutanenta su cika su. Wanda ya zo kashe maka gobara ba ya fara da karɓe makullin gidanka.

Suna cewa to in lauyan ya lalace fa, a zuba masa ido? Wa ya ce? Maganinsa yana nan, kuma an sha gwada shi. A Yuni 2022 mutanen San Faransisko suka yi wa Chesa Boudin kiranye da ƙuri'arsu. A Nuwamba 2024 mutanen Los Anjalis suka kayar da George Gascón. Deborah Gonzalez ɗin nan da ta ƙwato zaɓe a kotu, mutanen Athens sun kayar da ita a 2024. Andrew Warren ma ya sāke tsayawa a 2024, mutanen Tampa suka ƙi shi, suka zaɓi wadda Gwamna ya naɗa. Ba mu da ta cewa a nan, masu kaya ne suka yi hukunci a kan kayansu. Amma a wannan rana ɗaya mutanen Orlando suka mayar da Monique Worrell kujerarta da wajen 57 cikin 100. A Filadalfiya majalisar jiha ta yi yunƙurin tsige Larry Krasner a 2022, Kotun Ƙolin jihar ta ce a 2024 tsigewar ta mutu, mutanen birnin suka zaɓe shi karo na uku a 2025. Ashe jama'a sun iya kora, sun kuma iya riƙewa. To, ina amfanin alƙalamin Gwamna, in ba don ya san a waɗansu wurare ba zai ci da ƙuri'a ba?

ABIN DA KOTU TA IYA DA WANDA BA TA IYA BA

In kun bi lissafin nan za ku ga kotu ta yi rana inda tsarin mulki ya rubuta ƙarara cewa kujera kaza zaɓenta ake yi. Shi ya ceci zaɓen Athens, shi ya kori naɗaɗɗun alƙalan Jakson. Amma inda aka bar kalmomi masu santsi, irin su sakaci da rashin iya aiki, aka bar wa Gwamna ya fassara, kotu takan naɗe hannu. Inda ta yi ƙoƙari kuma majalisa takan sāke doka cikin mako guda. Babban makamin mai iko shi ne lokaci. Kujera shekara 4 ce, shari'a kuwa tana iya cin 3. Monique Worrell ta komo, amma watanni goma sha da ta yi a waje, mutanen da aka tuhuma a cikinsu bisa manufar wanda ba su zaɓa ba, wa zai mayar musu da kwanakinsu?

Saboda haka muna jinjina wa masu kai ƙara, domin kowace shari'a tana tilasta wa mai iko ya fito fili ya faɗi dalilinsa a gaban shaidu, kuma a nan ne ƙarya take tsirara. Amma abin da ya mayar da matar Orlando ofis ba Joji ba ne. Mutanen da aka wulaƙanta ƙuri'arsu ne suka ƙi yin fushi su zauna a gida, suka sāke fitowa suka jefa ta inda suka jefa da fari.

Ya ku jama'a, masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk inda kuka ji an ce za a ɗauke wani iko daga hannun zaɓaɓɓe a ba naɗaɗɗe, wai don gyara, ku yi tambaya uku. Wa zai yi naɗin? Wa zai iya korar wanda aka naɗa? Me ya sa ba a ga lahanin kujerar ba sai da talaka ya ɗora nasa a kai? In aka kasa ba ku amsa, ku san igiya ake shirin miƙa muku.

Haza wassalam.